Babi na Biyar: Tanis, Sunan da Baƙi Suka Raɗa

Wajen shekarar 1325 birnin Florence na ƙasar Italiya yana zaman ɗar-ɗar. Maƙwabcinsa Castruccio Castracani, mai mulkin Lucca, ya hana shi sakat, har ta kai mahukuntan birnin sun ɗauko hayar barade kimanin 500 daga Faransa don su taya su yaƙi. Taimakon bai hana abin da ake gudu ba, domin a watan Satumba na shekarar aka yi wa rundunar Florence kaca-kaca a Altopascio. To amma kafin ranar gumurzu baraden sun ɗan zauna a gari, kuma soja in ba ya fagen fama sai ya nemi abin da zai rage masa tsawon yini. Nasu abin rage yinin shi ne wani wasan ƙwallo da suka taho da shi daga gida.

Shekaru arba'in da 'yan kai bayan haka, wani masanin shari'a ɗan birnin mai suna Donato Velluti, wanda ya rasu a 1370, ya zauna yana rubuta tarihin gidansu. Da ya zo kan wani daga cikin danginsa, sai ya ambata cewa mutumin ya saba da baraden nan har yakan yini yana buga ƙwallo tare da su, kuma daga lokacin ne aka fara wasan a wannan yanki. Sunan da Velluti ya rubuta wa wasan shi ne tenes. Masu bin diddigin kalmomi ba su sami wani rubutu da ya riga wannan ambaton kalmar ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, su Faransawan da suka kawo wasan ba haka suke kiransa ba. A gida sunansa jeu de paume, wato wasan tafin hannu, kuma har gobe da wannan suna suka san shi.

Sunan nasu ya dace da abin da ido ke gani. Tun cikin ƙarni na 12 ake buga wasan a arewacin Faransa, da hannu tsirara, ana dukan ƙwallo da tafi tana tsallake igiya ko wani layi da aka shata. Masana da yawa suna danganta farkonsa da farfajiyar gidajen ibadar ruhubanawa, inda bango ya kewaye fili ta kowace fuska kuma baranda mai rufi a karkace ta bi gefe. Wasu kuwa sun ce a titunan gari aka fara, inda rumfunan shaguna suka yi aikin da barandar ta yi. Ko ma ina ne, siffar ta zauna: ɗaki mai tsawo, daɓe na dutse, bango da ake yarda ƙwallo ta buga a jikinsa ta dawo, da rufin baranda wanda dole bugun farko ya bi ta kansa kafin ya sauka wajen abokin karawa. Ƙwallon tana da tauri, don haka hannu ya fara neman kariya. Aka sa safar fata, aka zo ana ɗaura tsirkiya tsakanin yatsu, aka koma ga ɗan katako mai mariƙi, sai a ƙarni na 16 raket mai saƙar tsirkiya ya zama ruwan dare. Hannu ya bar taɓa ƙwallo, amma sunan tafin hannu bai bar wasan ba.

Sarakuna sun so shi matuƙa, har ya shiga labarin ajalin wasunsu. Louis na 10 na Faransa ya rasu a Vincennes a watan Yuni na 1316, bayan ya yi wasa mai zafi ya sha abin sha mai sanyi da yawa. Charles na 8 ya buga kansa a saman wata gajeriyar ƙofa a fadar Amboise a 1498, yana kan hanyar zuwa kallon wasa, kuma bai kwana ba. James na 1 na Sikotland, da maƙiya suka faɗo masa a Perth a 1437, ya shige wata magudanar ruwa don ya tsere, sai ya tarar da mafitarta a toshe, domin shi da kansa ya sa aka toshe ta 'yan kwanaki kafin nan saboda tana cinye masa ƙwallaye. Talakawa ma ba a bar su a baya ba, har da mata. A 1427 wata mata mai suna Margot daga yankin Hainaut ta zo Paris ta riƙa lallasa maza a fili, abin da ya sa wani mazaunin birnin ya shigar da labarinta cikin littafinsa na abubuwan yau da kullum.

To daga ina tenes ta fito?

Amsar da ta fi ƙarfi tana cikin bakin mai bugun farko. A Faransanci akwai aikatau tenir, wanda ke nufin riƙewa ko kamawa. Idan za a umarci mutane da yawa, ko mutum ɗaya cikin girmamawa, sai a ce tenez, wato ku riƙe, ku karɓa, ga ta nan. Har yau Bafaranshe yakan faɗi haka in yana miƙa wa wani abu. Bayanin shi ne, ɗan wasa kafin ya saki ƙwallo sai ya ɗaga murya ya faɗi wannan kalma, don abokin karawarsa da ke can ƙarshen ɗaki ya shirya. Baƙon da ke gefe yana kallo, wanda bai iya harshen ba, ba zai tsinci komai daga hirar 'yan wasa ba sai wannan kalma guda da ake maimaitawa a farkon kowane bugu. Idan ya koma gida aka tambaye shi abin da mutanen nan suke yi, da ita zai amsa.

Bakano ba zai ga baƙon abu a nan ba. A daidaita sahu umarni ne da liman kan bayar kafin a tayar da salla. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauke shi ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya, aka rubuta shi a jikin babura masu ƙafa uku, kuma ba a daɗe ba jama'a suka mayar da jimlar sunan abin hawan kansa. Yau yaro zai ce ya hau Adaidaita ba tare da ya tuna cewa umarni yake furtawa ba.

Hujjar da ta fi ɗaure wannan bayani tana cikin harafin ƙarshe. Bafaranshen yau ba ya furta z ɗin da ke ƙarshen tenez, sai ka ji kamar ya ce tane. Amma a tsohon Faransanci wannan harafi yana da sauti, ana furta shi kamar t da s a haɗe. To ga abin da aka samu a Ingila: wajen shekarar 1400 mawaƙi John Gower, abokin Geoffrey Chaucer, ya rubuta wa Sarki Henry na 4 wata waƙa a kan zaman lafiya, a ciki ya ambaci wasan, kuma yadda ya rubuta sunan shi ne tenetz. Wannan shi ne ambato na farko da aka sani a Turancin Ingilishi, kuma rubutun ya yi daidai da yadda tsohon Faransanci ke furta umarnin. Gower ba baƙo ba ne ga harshen, domin ya yi waƙoƙi da Faransanci da Latin kamar yadda ya yi da Ingilishi. Tun bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ne harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnoni, kuma dubban kalmominsa sun shige bakin Ingilawa ta wannan ƙofa. Da kalmar ta zauna a Ingila sai ta bi ɗabi'ar harshen masu gida, nauyin furuci ya dawo gaɓar farko, aka riƙa rubuta ta tenys da teneys da wasu siffofi, kafin a tsaya kan tennis. Faransawa sun zubar da sautin ƙarshen, Ingilawa suka adana shi.

A 1617 wani marubucin ƙamus na Landan, John Minsheu, ya fito fili ya ce sunan ya samo asali ne daga kalmar da Faransawa kan faɗa lokacin da za su buga ƙwallo. Shaidarsa tana da daraja, domin a zamaninsa wasan yana tashe kuma ana iya jin 'yan wasa da kunne. Sai dai tsakaninsa da baraden Florence akwai kusan shekaru 300, kuma rubuce-rubucen Faransa na wancan tsohon zamani ba su damu da adana abin da ake faɗa a cikin fili ba. Wannan giɓi ne ya buɗe wa wasu ra'ayoyi ƙofa.

Mafi daɗin ji a cikinsu shi ne wanda ya kai kalmar Masar.

A arewa maso gabashin bakin kogin Nilu akwai tafkin Manzala, kuma a tsakiyarsa akwai wani tsibiri da a da yake ɗauke da birni mai suna Tinnis. Birnin ba shi da gona, ruwan shansa ma sai lokacin ambaliyar Nilu, in tafkin ya rage gishiri, ake tara shi a manyan rijiyoyin ajiya don ya kai shekara. Abin da ya riƙe shi shi ne saƙa. Masaƙansa, waɗanda yawancinsu Kibɗawa ne, suna fitar da lallausan yadin lilin da ya yi suna daga Bagadaza har Rum, kuma a zamanin Abbasiyawa yana cikin garuruwan Masar da aka saƙa rigar Ka'aba a cikinsu. Matafiyin nan na Farisa, Nasir Khusraw, ya ratsa ta Tinnis a 1047, ya ba da labarin wani yadi da ake kira buƙalamun, wanda launinsa ke sauyawa gwargwadon yadda haske ya faɗa masa. Philip Hitti, masanin tarihi haifaffen Lebanon wanda ya koyar a Princeton, yana cikin waɗanda suka yaɗa ra'ayin cewa da yadin Tinnis ake yin ƙwallayen farko, sai sunan garin ya bi yadin, daga yadin ya koma kan wasan.

Ra'ayin yana da abin da ya dogara da shi. Turawa sun sha kiran yadi da sunan garin da ya fito: muslin daga Mosul, damask daga Dimashƙu. Kalmomin Larabci da suka shiga harsunan Turai ta hanyar fatauci ba su ƙirguwa, kuma mai son a ba duniyar Musulmi haƙƙinta a tarihi yana da dalilin jin daɗin wannan labari.

Amma jin daɗi dabam, hujja dabam. Salahuddin al-Ayyubi ya ba da umarnin kwashe mutanen Tinnis a 1192 saboda hare-haren jiragen ruwan mayaƙan Salibiyya, sannan Sarki al-Kamil ya sa aka rushe birnin a 1227. Ke nan garin ya yi kusan shekara 100 yana kango kafin baraden Faransa su isa Florence. Ƙwallon kanta kuma ba ta buƙatar yadin sarakuna. Faransawa suna kiranta esteuf, kuma fata ce ake cusa wa ulu ko gashi. A 1480 Sarki Louis na 11 ya kafa doka yana hana masu yin ta cusa mata yashi, alli, garin katako ko ƙasa, domin irin waɗannan suna ji wa 'yan wasa ciwo, ya ce dole a yi ta da fata mai kyau da ulu. Tsofaffin ƙwallayen da ma'aikata suka tsinta a rufin zauren Westminster na Landan, lokacin da ake gyaransa a farkon ƙarni na 20, gashi aka tarar a cikinsu. Babu wata takardar ciniki ko ta fada da ta haɗa wasan da Tinnis. Abin da ya haɗa su kamancin sauti ne, kuma kamancin sauti shi ne tarkon da ya fi kama masu neman asalin kalmomi. Tinnis tana da tarihin da ya ishe ta alfahari ba tare da an jingina mata wasan da ba nata ba.

Akwai ƙarin abin da ke goyon bayan tenez, wato yadda sauran maƙwabta suka yi. Mutanen Flanders da Holand sun ɗauki wata kalma dabam da suka ji a fili, ta yankin Picardie mai nufin kora ko farauta, suka ƙera kaatsen, kuma daga nan 'yan Sikotland suka sami nasu sunan, caich. Italiyawa daga baya sun bar tenes suka koma pallacorda, ƙwallo da igiya. Kowa ya raɗa suna daga abin da kunnensa ya tsinta ko idonsa ya gani. Masu wasan ne kaɗai ba su buƙaci raɗa sabon suna ba.

Sauran kalmomin filin ma Faransa suke nunawa. Deuce, da alƙalin wasa ke faɗa in an yi kunnen doki a 40 da 40, daga à deux take, wato saura maki biyu a jere. Raket daga raquette, wadda wasu ke kai ta ga kalmar Larabci ta tafin hannu, wasu kuma ga wani aikatau na mayar da ƙwallo. Lissafin 15, 30, 40 tsoho ne ƙwarai, kuma a da 45 ake cewa kafin baki ya gajarta ta. Love kuwa, da ake faɗa a madadin sifili, an sha cewa daga kalmar ƙwai ta Faransanci take saboda siffar sifilin, amma Faransawa ba su da al'adar kiran sifilin wasa ƙwai, zéro suke cewa.

Sunayen biyu sun ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne a ƙasarsa. Ranar 20 ga Yuni 1789 wakilan talakawan Faransa suka tarar an kulle zauren taronsu a Versailles, sai suka shiga wani ɗakin wasa da ke kusa, suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta wa ƙasa tsarin mulki. Mutum 576 suka sa hannu, mutum ɗaya ya ƙi. A littattafan Faransa sunan wannan rantsuwa yana ɗauke da jeu de paume, a na Ingila kuwa tennis aka sa. A lokacin wasan ya riga ya fara ja da baya. Paris da ta taɓa mallakar ɗakunan wasa masu tarin yawa a ƙarshen ƙarni na 16 ta mayar da da dama daga cikinsu gidajen wasan kwaikwayo, kuma juyin juya halin da ya biyo baya ya raba wasan da sarakuna da masu sarautar da ke ɗaukar nauyinsa.

Abin da ya ceci kalmar shi ne roba da injin yankan ciyawa. Edwin Budding ya ƙera injin a 1830, Charles Goodyear ya sami takardar mallakar fasahar sarrafa roba a 1844. Tsohuwar ƙwallo ba ta tashi sai a kan dutse, amma ta roba tana tsalle a kan ciyawa, ga shi kuma masu hannu da shuni na Ingila sun sami hanyar mayar da bayan gidajensu shimfiɗaɗɗen fili. A Birmingham wani lauya, Harry Gem, da abokinsa ɗan kasuwa ɗan Sifen, Augurio Perera, sun fara gwada irin wannan wasa a kan ciyawa tun wajen 1860. Amma wanda ya mayar da shi haja shi ne wani tsohon soja, Manjo Walter Clopton Wingfield, wanda ya karɓi takardar mallaka a watan Fabrairu na 1874. Ya riƙa sayar da akwati mai ɗauke da raga, sanduna, raket, ƙwallaye da ɗan littafin dokoki a kan fam biyar da sule biyar, kuma cikin shekara guda ya sayar da sama da 1,000. Filinsa tsukakke ne a tsakiya, mai faɗi a ƙarshe biyu. Sunan da ya zaɓa daga Girkanci yake, Sphairistike, mai nufin gwanintar wasan ƙwallo.

Sunan bai karɓu ba. Masu saye sun kasa furta shi, suka gutsure shi ya koma sticky, kalmar da a harshensu ke nufin abu mai danƙo. Manjo ya yi dabarar ajiye suna na biyu a gefe, lawn tennis, wato tanis na filin ciyawa, kuma shi jama'a suka kama, domin sun riga sun san kalmar kuma tana ɗauke da ƙamshin fada.

A 1877 wata ƙungiyar wasan croquet da ke Wimbledon ta shirya gasa ta farko. Mutum 22 suka shiga, Spencer Gore ya lashe, 'yan kallo kimanin 200 suka biya sule ɗai-ɗai a wasan ƙarshe. Kwamitin da ya tsara dokokin, wanda ya haɗa da gwanayen tsohon wasa irin su Julian Marshall, ya watsar da tsukakken filin Wingfield ya ɗauki mai kusurwa huɗu, ya kuma dawo da lissafin 15, 30, 40. Bugun farko a wancan lokaci daga ƙasa ko daidai kafaɗa ake yinsa, ba da nisa sosai da na masu kiran tenez ba. A shekara mai bi aka fara ganin bugu daga saman kai a Wimbledon, kuma daga nan ya zama makami. A 2016 John Isner na Amurka ya saki wanda ya kai gudun kilomita 253 a awa. A irin wannan gudu ƙwallo tana isa ga abokin karawa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma dabarar mai bugu duka ita ce kada a gane inda za ta faɗa.

Sabon wasan ya tsallaka teku ya koma Faransa a hannun Ingilawa masu zuwa hutu, waɗanda suka kafa kulob a garin Dinard na gaɓar teku wajen 1878. Faransawa suka karɓe shi da sunan da ya zo da shi, le tennis, suna furta s ɗin ƙarshe, sautin da kakanninsu suka zubar ƙarnoni da suka wuce. Daga nan kalmar ta bi jiragen ruwa da mulkin mallaka ta game duniya. Wasu harsuna sun ƙera nasu sunan, Sinawa suna cewa ƙwallon raga, Larabawa suna da kuratul midrab, ƙwallon abin bugu, ko da yake su ma tinis ta fi yawa a bakinsu. A Meziko da Barazil, da ita Faransa kanta, kalmar ta sauka har ƙafa, ta zama sunan takalmin kambas. Hausa ta karɓe ta ta ƙofa biyu, ta Ingilishi a Nijeriya da ta Faransanci a Nijar, ta daidaita ta da bakinta ta ce tanis, kuma da ita ake ba da labarin gasar Dala ta Kano ko na Wimbledon a rediyo.

Lawn, wadda aka ƙara don a bambanta sabon wasa da tsoho, ta zama kaya da aka koma buga wasan a kan jar ƙasa da siminti. Hukumar tanis ta Amurka ta cire ta daga sunanta a 1975, hukumar duniya, wadda aka kafa a Paris a 1913, ta bi sahu a 1977. Ta Birtaniya ce ta riƙe ta har yanzu. Sai ya zama sabon wasa ya mallake sunan gaba ɗaya, tsohon kuwa shi aka bar wa neman ƙari: Ingilawa suna ce masa real tennis, Amurkawa court tennis. Ana buga shi har yau a ɗakuna kimanin 50 a Birtaniya, Faransa, Amurka da Ostireliya, da ƙwallayen da ake ɗinkawa da hannu da raket na katako. Cikinsu akwai na fadar Hampton Court kusa da Landan, da na fadar Falkland a Sikotland, wanda aka gina wa Sarki James na 5 a 1539, ba shi da rufi, kuma shi ne mafi tsufa da ake wasa a cikinsa.